Kowace Kalma da Mazauninta: Fashin Baƙi kan Tara Manyan Kalmomin Turanci

Wani dare bayan isha'i, ina tattara takarduna a ɗan ɗakin da muke haya don darasin Turanci a nan Madina, sai ɗaya daga cikin ɗalibaina ya ƙi fita har kowa ya watse. Mahaddacin Alƙur'ani ne, yana shekarar ƙarshe a karatun Shari'a, kuma yana neman gurbin digiri na biyu a Malesiya. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, don Allah a ɗan duba mini wasiƙar nan kafin in tura." Layin farko lafiya lau, na biyu ma haka. A na uku na ci karo da wannan: "I am notorious in my town for teaching children the Qur'an." Na ɗago kai na dube shi. Fuskarsa sai annuri take yi, kamar wanda ya saka sabuwar malum-malum ranar salla.

Na ce, "Ustaz, me kake nufi da notorious?" Ya ce, "Mashhur mana, Malam. Sananne. Na ga famous ta yi araha ne, ɗan firamare ma ya san ta." Ya buɗe mini jerin kalmomin da ya haddace, ga su nan a layi ɗaya: famous, renowned, eminent, notorious. Wai duk ma'anarsu guda. Na tambaye shi, da Hausa zai iya cewa malamin allonsu ya yi ƙaurin suna wajen koyar da yara Alƙur'ani? Ya yi salati ya ce a'a, ai ƙaurin suna sai ɓarawo ko ɗan daba. Na ce to, abin da ka rubuta wa jami'ar ke nan a kan kanka.

Ba rashin ƙoƙari ba ne ya jawo masa. Mutumin da ya haddace izu sittin, kalma dubu ta Turanci ba ta ɗauke shi wata guda ba. Ƙarfin haddar ne ma ya yaudare shi, don ya ɗauka kalma abu ce da ake adanawa tare da fassararta, a ciro ta duk lokacin da aka ga dama. Wannan ita ce cutar da na fi gani a wurin mutanenmu da ke ƙasar nan, walau ɗaliban da suka zo daga Najeriya da Nijar da Gana, walau 'ya'yanmu da aka haifa a Shari' Mansur na Makka ko unguwannin Jidda, masu Hausa a gida, Larabci a waje, Turanci a takardar jarrabawa. Buƙatar kuwa kullum ƙaruwa take. Tun 2021 aka fara koyar da Turanci daga ajin farko na firamare a makarantun Saudiyya. Akwai jarrabawar STEP da cibiyar Ƙiyas ke shiryawa, wadda jami'o'i da wuraren aiki da dama ke nema. Mai son fita waje kuma IELTS ko TOEFL na jiransa, wani ma har da GRE, jarrabawar neman shiga digiri na biyu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, wanda ya yi karatun Larabci ya fi kowa sanin cewa kalmomi biyu ba sa zama ɗaya sak. Tun ƙarni na huɗu na hijira Abu Hilal al-Askari ya rubuta littafi sukutum kan bambancin kalmomin da ake zaton ma'anarsu ɗaya. Ka tambayi ɗan ajin farko a tafsiri bambancin khauf da khashya, zai karanto maka ayar Suratu Faɗir da ta ce malamai ne ke khashyar Allah daga cikin bayinsa, ya yi maka bayanin cewa khashya tsoro ne mai haɗe da sani da girmamawa. Zai kawo maka ayar Hujurat inda aka ce wa Larabawan ƙauye kada su ce sun yi imani, su dai ce sun musulunta. A ƙarni na biyar Abdulƙahir al-Jurjani ya kafa hujja cewa fasaha ba a cikin kalma ita kaɗai take ba, tana cikin yadda aka saƙa ta da 'yan'uwanta a jimla. Duk ɗalibaina sun ci jarrabawar balaga, wato ilimin fasahar magana a Larabci, da wannan. Amma da zarar an juya shafi zuwa Turanci, sai su ajiye wannan ilimi a bakin ƙofa tare da takalma.

Ba sai mun je Larabci ba ma. Ɗauki kalmar "ci". Mun ci tuwo, mun ci kasuwa, mun ci bashi, mun ci jarrabawa, an ci amanarmu, an ci mutuncinmu. Ɗauki "sha": ruwa, magani, wahala, iska, kashi, alwashi. Baƙon da ya haddace cewa "ci" ita ce eat, "sha" ita ce drink, bai san komai ba tukuna. Kuma ba wata doka da za ta gaya masa dalilin da ya sa ake shan wahala amma ake cin baƙar wuya, sai dai ya ji a bakin masu harshen har kunnensa ya saba. Haka Turanci yake. Ana cewa strong tea, ba a cewa powerful tea. Ana cewa heavy rain, ba strong rain ba, alhali mu ruwa mai ƙarfi muke cewa. Yaran da suka taso a nan sukan ce open the light da close the AC, don Larabcin bakinsu buɗewa da rufewa yake yi wa fitila da mukayyif. Waɗanda suka zo daga gida kuma sukan ce drink medicine, don mu shan magani muke yi. Nahawun jimlolin nan bai karye ba. Kalma ce aka zaunar a kujerar da ba tata ba.

Wani masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, ya faɗi wata magana a 1957 da ta zama karatun farko a wannan fanni: ana sanin kalma ne ta abokan tafiyarta. A lokacinsa magana ce kawai mai daɗin ji. Sai da kwamfuta ta zo aka iya tara miliyoyin kalmomi daga jaridu da littattafai da hirarraki, a nemo kalma guda a ga wace ce ke gabanta, wace ce ke bayanta. John Sinclair da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham sun fitar da ƙamus na COBUILD a 1987 bisa wannan tsari, misalansa duk daga ainihin maganar mutane aka ciro su. Abin da irin wannan bincike ya tono ya wuce batun abokan tafiya. An gano cewa wasu kalmomi sun daɗe suna zama da mugayen maƙwabta har sun ɗauki warinsu. Ƙamus zai ce maka cause tana nufin jawo abu, ko wane iri. Amma ka duba abin da ke biyo bayanta: damage, death, trouble, accident, cancer. Shi ya sa idan ka rubuta wa wanda ya taimake ka cewa ya yi causing ci gabanka, Bature zai ji wani banbaraƙwai ko da bai iya faɗin dalili ba. Commit ma haka, da crime da murder da error take yawo. Zama da maɗaukin kanwa ke nan, har kalmomi ma yana sa musu farin kai.

To yaya ake amfani da wannan a aikace? Hanyar da ta fi shahara ita ce cike gurbi, wato a ba ka jimla an cire kalma, a ce ka mayar. Wani Ba'amurke mai suna Wilson Taylor ne ya fito da tsarin a 1953, don auna sauƙin karanta rubutu, daga baya malaman harshe suka karɓe shi. GRE ta kai abin ƙololuwa: akwai tambayar da za a ba ka jimla da gurbi ɗaya da kalmomi shida, a ce ka zaɓi biyu da kowacce za ta cike gurbin kuma jimlolin biyu su fito da ma'ana ɗaya. Ga wata mai amsa ɗaya da nake rubuta wa ɗalibaina a allo:

"Although the pilgrims had been warned that the walk from Mina would be ______, most of them found it surprisingly easy."

Kafin in rubuta zaɓi ko ɗaya, sai in ce kowa ya cike gurbin da Hausa. Nan da nan ɗaki zai ɗauka: "mai wahala", "mai gajiyarwa". Na tambaye su ta ina suka sani. Wani zai ce saboda although, wadda ke nuna cewa rabin jimlar na farko zai saɓa wa na biyu. Wani zai ce saboda warned, don ba a yi wa mutum gargaɗi a kan abin daɗi. Wani ya hango surprisingly, wato sauƙin ya zo ba zato. Shaidu uku ke nan a jimla ɗaya, duk suna nuna wuri guda. Sai a nan nake kawo zaɓin: brief, pleasant, arduous, stubborn, cumbersome. Biyun farko sun faɗi tun a bakin ƙofa. Wasan yana cikin ukun ƙarshe, don dukansu akwai ƙamshin wahala a jikinsu. Stubborn ta mutum ce mai taurin kai, ko tabon da ya ƙi fita a wanki. Cumbersome ta kaya ce masu wuyar ɗauka, kamar jarkar zamzam da katifa a hannu ɗaya, ko tsarin ofis mai dogon turanci. Arduous kuwa ita ce ke tafiya da journey da climb da task, wato aikin da ke cin ƙarfi na tsawon lokaci. Wanda ya taɓa takawa daga Mina zuwa Harami a cikin zafin rana ba zai sake manta ta ba.

Dalilin da ya sa nake hana su ganin zaɓi da wuri shi ne, ido yana da kwaɗayi. Da ya ga kalma mai tsawo mai ban tsoro sai ya ce lallai ita ce amsa, daga nan ƙwaƙwalwa ta shiga ƙirƙiro mata hujja. Masu shirya jarrabawa sun san wannan sarai.

Inda abin ya fi daɗi a wurina shi ne dangin kalmomin da Larabci zai iya tattarawa a ƙarƙashin khaffafa, mu kuma mu ce ragewa ko sassautawa. Akwai alleviate, mitigate, allay, assuage da appease. A jerin hadda layi ɗaya suke. A bakin masu harshen kowacce da gidanta. Alleviate tana zuwa da pain, suffering, poverty, congestion, abin da ake cikinsa yana ciwo, aka rage masa zafi. Jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, mai tafiyar kusan kilomita 450 tsakanin Makka da Madina ta Jidda, za ka iya cewa ya yi alleviating cunkoson hanya. Ba za ka ce ya yi greatly eliminating ɗinsa ba, don eliminate kawarwa ce gaba ɗaya, ba ta karɓar "sosai" ko "kaɗan", kamar yadda ba a cewa mutum ya ɗan mutu. Mitigate ta 'yan ofis ce da lauyoyi da injiniyoyi, tana zama da risk, damage, effects, galibi a kan illar da ake hange ko ake ƙoƙarin taƙaitawa. Allay kusan ba ta da abokai sai fears, concerns, suspicion, wato kwantar da hankalin mai fargaba. Assuage ta zuciya ce, guilt da grief, kuma tana da ƙamshin adabi. Appease ita ce mai haɗari. Mutum ake yi wa ita, mai fushi ko mai barazana, a ba shi abin da yake so don ya yi shiru. Tun da Firaministan Ingila Neville Chamberlain ya sa hannu a yarjejeniyar Munich da Hitler a 1938, kalmar ta ɗauki tabon ragwanci da lallashin azzalumi. Ɗalibin da ya rubuta cewa gwamnati ta gina asibiti don ta yi appeasing talakawa ya zagi gwamnati da talakawan gaba ɗaya, ko da yabo ya nufa.

Akwai kuma ƙaramin abu da ake rainawa, wato ɗan harafin da ke bin kalma. Comply sai da with, abide sai da by, adhere sai da to, conform galibi da to. Dukansu bin doka suke nufi, amma idan gurbi ya zo da by a bayansa, magana ta ƙare. Masu Larabci sun san wannan a babin fi'ilin da ke ƙetarawa da harafi: ragiba da harafin "fi" so ne, ragiba da harafin "an" ƙi ne. Ba sai na tsawaita a nan ba.

Sai batun matsayi, wanda tarihi ne ya haifar da shi. A 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da kotu na ƙarnuka, Latin kuma ta riƙe coci da makaranta, talaka ya ci gaba da tsohon Turancinsa. Shi ya sa abu ɗaya yake da suna uku: ask, question, interrogate, rise, mount, ascend, kingly, royal, regal. Dabba tana hannun makiyayi sunanta cow ko sheep, ta hau teburin sarki ta koma beef ko mutton. Yawancin abin da muke kira manyan kalmomi daga hawa na biyu da na uku suke. Mu ma muna da irin wannan: akuya ta mutu, mutum ya rasu, dattijo ya riga mu gidan gaskiya, Annabi ya yi wafati, ɗan fashi ya sheƙa barzahu. Wanda ya musanya biyu daga cikinsu a gidan makoki zai gane kurensa. Wata 'yar ƙanwata a Jidda, mai shirin STEP, ta taɓa turo mini saƙo ta WhatsApp cewa ƙawarta ta yi interrogating ɗinta a kan inda ta sayi abaya. Na ce, "Subhanallahi, a wane ofishin 'yan sanda?" Ta ce, "Kai Kawu, ask fa nake nufi, ina gwada sabbin kalmomina ne." Ta ba ni dariya, amma gwajin nata ya fi hadda shiru amfani, don ta yi kuskuren a inda ba ya cin maki.

Sai dai kada wani ya ɗauka cewa jimla kullum za ta bayyana maka ma'anar baƙuwar kalma. Nan ne masu wa'azin "ka karanta kawai, za ka gane daga mahalli" suke wuce gona da iri. Jimlar jarrabawa an gina ta ne da gangan da shaidu a ciki. Jimlar jarida ba ta da wannan alkawari. Idan marubuci ya ce wani minista ya yi magana mai equivocal ya wuce abinsa, ba abin da zai nuna maka cewa magana ce mai harshen damo. Kuma hasashe ba ya yiwuwa sai ka san kusan dukkan sauran kalmomin. Paul Nation, malami a Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai karatu yana buƙatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, wato kowace kalma tare da rassanta, kafin ya san kashi 98 cikin ɗari na kalmomin littafi ko jarida. Kashi 98 na nufin baƙuwa ɗaya a cikin kalma hamsin, wato guda shida a shafi mai kalma 300. Idan ka sauko zuwa kashi 95, sun zama goma sha biyar a shafin, kuma wadda kake son ta haska maka wata, ita ma ba ka san ta ba. Makaho ne ke jan makaho.

Don haka ba na hana kowa hadda, kuma ni kaina ina ba da jeri. Averil Coxhead, ita ma daga jami'ar ta Wellington, ta fitar da jerin dangin kalmomi 570 a shekarar 2000, waɗanda suke maimaituwa a rubutun ilimi ko wane fanni ne, irin su analyse, derive, significant, undertake. Su kaɗai suna ɗauke da kusan kashi goma cikin ɗari na kalmomin irin wannan rubutu. Wanda zai shiga digiri na biyu da Turanci, wannan jeri ya fi masa kalmomi dubu uku na burga da ba zai sake gani ba bayan jarrabawa. Abin da na canza shi ne abin da ake haddacewa. A littafin ɗalibina ba a rubuta kalma tsirara. Idan ya gamu da curb, zai kwafi jimlar da ya same ta a ciki, ya ƙara abokanta uku, kamar curb inflation, curb spending, curb violence, ya sa alama ko ta yabo ce ko ta suka ko 'yar ba-ruwanmu, sannan ya gina jimla guda a kan rayuwarsa. Fassarar Hausa ko Larabci tana zuwa ƙarshe, a gefe, da fensir. Masu amfani da Anki, manhajar katunan hadda, kuma nakan ce su sa jimla mai gurbi a fuskar kati, kalmar a bayansa, ta yadda kowace muraja'a za ta zama zaɓe a cikin jimla. Muraja'a dai ba sai na koya wa mahaddata muhimmancinta ba, su suka fi ni sanin abin da ke faruwa da izun da aka yi wata biyu ba a waiwaye shi ba.

Wanda ke da intanet yana da abin da malamanmu ba su samu ba. Akwai rumbun COCA da Mark Davies ya gina, mai ɗauke da kalmomi sama da biliyan ɗaya na Turancin Amurka, inda za ka rubuta kalma ya jero maka abokan tafiyarta da jimlolin gaske. Akwai ƙamus na musamman na kalmomin da ke tafiya tare. Abin da nake tsoro shi ne maɓallin nan na kwamfuta da ke ba ka "makamantan kalma". Shi ne ya haifi yawancin wasiƙun ban dariya da nake gyarawa. Amfaninsa ga wanda ya riga ya san kalmomin ne, ɗaya ta ɓace masa yana son a tuna masa. A rubutun IELTS, arzikin kalmomi ɗaya ne daga ma'aunai huɗu da ake ba da maki a kansu, kuma bayanin mataki na 7 ya ambaci sanin salo da sanin kalmomin da ke tafiya tare ƙarara. Kalma mai girma a gurbin da ba nata ba rage maki take yi.

Shi kuwa Ustaz, a daren nan ya goge notorious ya sa renowned, ya sake miƙo mini wayar. Na ce ma'anar ta gyaru, amma renowned ta mutanen da ake jin ƙira'arsu a kowace motar haya ce daga Jidda har Jakarta, kuma mutum ba ya kiran kansa da ita. Ya gwada eminent, na girgiza kai. Ya yi shiru yana shafa gemu, mukayyif na ta ƙara a samanmu. Can ya ce, "Malam, shekara shida fa na yi ina karantar da yaran nan kafin in zo Madina, sun kai arba'in." Na ce ya rubuta hakan. Ya rubuta: "For six years I taught the Qur'an to about forty children in my town." Ya karanta ta sau biyu a bayyane, ya ɓata fuska ya ce babu babbar kalma ko ɗaya a ciki. Na kashe fitila na ce ya tura, mai baƙala, wato kantin da ke ƙasa, ya kusa rufewa kuma ban sayi burodin safe ba.